Raha a bakin gadon majinyaci: Tarihinta, amfaninta da iyakarta

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibiti, ko ya yi jigilar ɗan'uwa zuwa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, ya san cewa ba kullum tagumi da hawaye ne ke cika ɗakin marasa lafiya ba. Sau da yawa daga gadon wanda ya fi kowa jin jiki ake jin maganar da za ta sa ɗakin ya kaure da dariya. A irin wannan lokaci masu dubiya kan rasa abin yi: su taya shi dariyar, ko su kame fuska don kada a ce ba su da tausayi?

Tambayar tana da nauyi. Cututtuka masu doguwar jinya, irin su ciwon daji da ciwon ƙoda da sikila da shanyewar ɓarin jiki, suna cin jiki, suna cin jari, suna kuma raba mutum da kasuwarsa ko ofishinsa da abokan hirarsa. Wanda jiya ake zuwa wurinsa neman shawara, yau sai a riƙa yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar wanda ake yi wa ban kwana. A cikin wannan hali wasu majinyata ke riƙe raha a matsayin abin da ya rage a hannunsu. Masana kiwon lafiya da na halayyar ɗan Adam sun shafe fiye da shekara 50 suna nazarin lamarin, kuma abin da suka gano ya isa ya zama jagora ga majinyaci da mai jinya da mai dubiya.

Bambancin raha da dariya

Masu bincike sukan raba abubuwa biyu da jama'a ke haɗawa. Dariya aiki ne na jiki: tantanin da ya raba ƙirji da ciki yana motsawa da ƙarfi, numfashi yana fita a gutsure, tsokar fuska da ta ciki suna ɗaurewa sannan su saki. Ita kuwa raha aiki ne na tunani, wato iya hango ɓangaren ban dariya a cikin al'amari, ko da al'amarin mai ɗaci ne. Mutum na iya yin raha ba tare da ya ƙyalƙyale ba, kamar yadda zai iya yin dariyar yaƙe alhali zuciyarsa na ƙuna.

Hausa ta wadata da kalmomin da ke rarrabe wannan fage. Akwai barkwanci da zolaya da tsokana, waɗanda ake yi tsakanin masoya. Akwai kuma ba'a da izgili da shaguɓe da habaici, waɗanda ke da ƙaya a jikinsu. Wannan rarrabewa ita ce ginshiƙin batun, domin kashi na farko ne ke sauƙaƙa wa majinyaci, na biyu kuwa ƙara masa ciwo yake yi.

Tsohon tunani ne

Danganta farin ciki da lafiya ya daɗe a duniya. Littafin Karin Magana da ke cikin Littafi Mai Tsarki ya kwatanta zuciya mai fara'a da magani. Malamin nan na ƙasar Khurasan, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya yi bayanin cewa ciwon jiki na taɓa rai, damuwar rai kuma na taɓa jiki, ya kuma gargaɗi mai fama da saƙe-saƙen zuci da ya guji kaɗaici. A ƙasar Faransa, likitan tiyata Henri de Mondeville, wanda ya rayu tsakanin ƙarni na 13 da na 14, ya shawarci likitoci su bar 'yan'uwa da abokai su riƙa faranta wa wanda aka yi wa aiki rai, har da ba shi labaran ban dariya.

A ƙarni na 20 ne batun ya shiga fagen nazarin halayyar ɗan Adam. Sigmund Freud na birnin Biyana ya wallafa littafi a kan barkwanci a 1905, ya kuma sake rubutu a kan raha a 1927. A ganinsa, raha hanya ce da mutum ke bi ya ƙi yarda masifa ta durƙusar da shi. Lokacin da ya yi rubutu na biyun shi kansa majinyaci ne, domin tun 1923 aka gano yana da ciwon daji a muƙamuƙi, an kuma yi masa tiyata fiye da sau 30 kafin rasuwarsa a Landan a 1939.

Wani likitan ƙwaƙwalwa na Biyana, Viktor Frankl, wanda ya tsira daga sansanonin azaba na 'yan Nazi, ya ba da labari a littafinsa na 1946 cewa shi da wani abokinsa likita sun yi wa juna alkawarin ƙirƙiro labarin ban dariya aƙalla guda ɗaya kowace rana, game da rayuwar da za su yi bayan an sake su. Ya ɗauki wannan a matsayin makamin da rai ke kare kansa da shi, saboda yana ba mutum damar ɗagowa sama da halin da yake ciki ko da na ɗan lokaci ne.

Labarin Norman Cousins

Mutumin da ya fi kowa jawo hankalin likitoci ga batun ba likita ba ne, ɗan jarida ne. Norman Cousins, editan mujallar Saturday Review ta Amurka, ya kwanta rashin lafiya a 1964 jim kaɗan bayan dawowarsa daga wata tafiya Tarayyar Sobiyet. Gaɓoɓinsa suka riƙe, har juyi a kan gado ya gagare shi. Likitoci suka ce yana fama da wata cuta mai kumbura gaɓoɓi da ƙandarar da ƙashin baya, wani ƙwararre kuma ya ƙiyasta cewa mutum ɗaya ne cikin 500 ke warkewa sarai daga irin halin da yake ciki.

Cousins ya yi tunanin cewa idan har damuwa da fargaba na iya lalata jiki, to akwai yiwuwar kishiyoyinsu su gyara shi. Da amincewar likitansa, William Hitzig, ya bar asibiti ya koma ɗakin otal, ya daina shan tarin magungunan kashe zafin da ake ba shi, aka riƙa ƙara masa sinadarin bitamin C mai yawa ta jijiya, sannan ya sa aka kawo masa na'urar nuna fim. Ya riƙa kallon finafinan 'yan wasan barkwancin nan da ake kira Marx Brothers da shirin talabijin na Candid Camera. Ya bayyana cewa minti 10 na dariya mai motsa ciki kan ba shi barcin kimanin awa biyu ba tare da raɗaɗi ba. A hankali ya samu sauƙi har ya koma bakin aikinsa.

Ya ba da labarin a mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine a 1976, sannan ya faɗaɗa shi ya zama littafi mai suna Anatomy of an Illness a 1979. Makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ta ɗauke shi koyarwa. Ya rayu shekara 26 bayan waccan jinya, ya rasu a watan Nuwamban 1990 yana da shekara 75.

Sai dai labarin mutum ɗaya ba ya zama hujja a ilimin likitanci. Wasu likitoci daga baya sun yi shakkar ainihin cutar da aka ce yana da ita, suna ganin mai yiwuwa wani nau'in kumburin gaɓoɓi ne da kan lafa da kansa. Shi ma Cousins ya sha jan kunnen jama'a cewa kada a ɗauki dariya a madadin likita. Babban abin da ya bari shi ne tambayar da ya tayar, wadda ta sa masu bincike suka shiga ɗakunan gwaji.

Abin da ke faruwa a jiki

Tun a shekarun 1960 likitan ƙwaƙwalwa William Fry na Jami'ar Stanford ya fara auna abin da dariya ke yi wa jiki. An lura cewa bugun zuciya da numfashi na ƙaruwa lokacin da ake dariya, sannan jiki ya saki bayanta, kwatankwacin abin da ke biyo bayan ɗan motsa jiki.

A 1989 Lee Berk da abokan aikinsa na Jami'ar Loma Linda suka ba da rahoton cewa sinadarin kotisol, wanda jiki ke fitarwa a lokacin damuwa, ya ragu a jinin mutanen da suka kalli fim ɗin barkwanci na awa ɗaya. Mutum 10 kacal aka yi gwajin da su. A Jami'ar Maryland kuma, likitan zuciya Michael Miller ya gwada mutum 20 masu lafiya, ya ga jijiyar jinin hannu ta ƙara buɗewa a 19 daga cikinsu bayan kallon barkwanci, ta kuma tsuke a yawancinsu bayan kallon fim ɗin yaƙi mai tayar da hankali.

Hujja mafi ƙarfi ita ce wadda ta shafi jure zafi. A 2011 Robin Dunbar na Jami'ar Oxford da ke Ingila ya wallafa sakamakon jerin gwaje-gwajen da suka nuna cewa mutanen da suka yi dariya tare da wasu sun fi jure zafi da kimanin kashi 10 cikin 100, idan aka kwatanta da yadda suke kafin dariyar. Jin daɗi kawai ba tare da dariya ba bai haifar da wannan sakamako ba. Masu binciken sun danganta abin da sinadarin endofin, wanda ƙwaƙwalwa ke fitarwa, mai aiki irin na magungunan kashe zafi. A 2017 wasu masana a birnin Turku na ƙasar Finland suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane bayan sun yi dariya da abokansu, suka ga alamar fitar irin waɗannan sinadarai.

Akwai wani abin lura a nan. Masanin dariya Robert Provine ya gano cewa mutum ya fi yin dariya har ninki 30 idan yana cikin jama'a fiye da idan yana shi kaɗai, kuma mafi yawan dariyar mutane ba ta biyo bayan wani tsararren barkwanci, hirar yau da kullum ce ke jawo ta. Ma'ana, abin da majinyaci ya fi buƙata shi ne abokin hira.

Abin da take yi wa zuciya

Masana halayya sun lissafa hanyoyi da dama da raha ke taimakon mai doguwar jinya. Ta farko ita ce sauya kallon da ake yi wa matsala. Abin tsoro idan aka iya yi masa dariya, girmansa na raguwa a ido ko da bai gushe ba. Ta biyu ita ce dawo da iko. Majinyaci mutum ne da ake juyawa: a ce ya kwanta, a ce ya tashi, a soka masa allura, a hana shi gishiri. Lokacin da ya yi barkwanci shi ne ke jan ragamar hirar. Ta uku ita ce buɗe ƙofar maganar da ke da wuyar faɗa. Magidancin da ya ce wa ƙaninsa cikin wasa ya fara koyon lissafin shago tun yanzu, wataƙila wasiyya yake son fara yi. Ta huɗu ita ce rage kunya a lokutan da jinya ke tilasta wa babba ya bari a yi masa wanka ko a kai shi bayan gida.

Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2005 ya bibiyi ziyara 132 da ma'aikatan jinya suka kai wa marasa lafiyar da ke matakin ƙarshe na rayuwa. An samu raha a kashi 85 cikin 100 na ziyarce-ziyarcen, kuma a kusan kashi 70 cikin 100 majinyatan ne da kansu suka fara ta. Wannan ya yi daidai da koyarwar Cicely Saunders, wadda ta kafa gidan kula da masu jinyar ƙarshe na St Christopher's a Landan a 1967. Ita ce ta yaɗa fahimtar cewa raɗaɗin majinyaci ya haɗa na jiki da na zuciya da na zamantakewa da na ruhi, kuma duk sai an kula da su.

Wasu fitattun mutane sun fito da wannan a fili. 'Yar wasan barkwancin Amurka Gilda Radner, wadda ciwon dajin ƙwan mahaifa ya yi ajalinta a 1989 tana da shekara 42, ta rubuta labarin jinyarta cikin raha. Bayan rasuwarta mijinta Gene Wilder da wasu suka buɗe cibiyar Gilda's Club a New York a 1995, inda masu ciwon daji da iyalansu ke haɗuwa su yi hira su ƙarfafi juna.

Inda iyakarta take

A nan ne ya kamata a yi hattara, domin masu tallar magunguna da masu wa'azin ƙarfafa gwiwa sukan zarce gona da iri. A 2001 Rod Martin na Jami'ar Western Ontario da ke Kanada ya tattara binciken da aka yi a kan raha da lafiyar jiki, ya kammala da cewa yawancinsu ƙanana ne, tsarinsu na da rauni, sakamakonsu kuma na cin karo da juna, in ban da batun jure zafi da ya fi samun goyon baya.

A 2007 James Coyne na Jami'ar Pennsylvania ya bibiyi mutum 1,093 masu ciwon dajin kai da wuya, ya ga cewa yanayin zuciyar majinyaci, ko mai fara'a ne ko mai damuwa, bai sauya tsawon rayuwarsa ba. Wani nazari na 1993, wanda ya bi rayuwar yaran Kalifoniya da aka fara bibiya tun shekarun 1920, ya ma gano cewa waɗanda aka sani da yawan fara'a tun suna yara ba su fi sauran tsawon rai ba, hasali ma sun ɗan gaza su.

Darasin da ke ciki biyu ne. Na farko, raha na gyara yadda ake rayuwa da cuta, amma ba ta narkar da ƙari, ba ta wanke ƙoda, ba ta sauya jinin mai sikila. Wanda ya bar asibiti ya dogara da kwanciyar hankali kaɗai ya jefa kansa cikin haɗari, musamman a cututtukan da jinkiri ke mayar da su marasa magani. Na biyu, bai halatta a ɗora wa majinyaci laifin tsanantar ciwonsa ba, a ce don ya cika damuwa ne. Marubuciya Barbara Ehrenreich, wadda ta yi jinyar ciwon dajin mama, ta yi kakkausar suka a littafinta na 2009 ga al'adar tilasta wa mara lafiya murmushi, tana ganin hakan wani nauyi ne aka ƙara masa a kan wanda yake ɗauke da shi.

Nau'o'i huɗu

A 2003 Rod Martin da abokan aikinsa suka kasa raha gida huɗu, kuma har yau masu bincike na amfani da wannan rabo. Akwai rahar sada zumunci, wadda ake yi don a ji daɗi tare. Akwai rahar ƙarfafa kai, wato mutum ya riƙa ganin abin dariya a cikin wahalarsa don ya samu juriya. Akwai rahar cin fuska, wadda ake yi a kan wani. Sai rahar ƙasƙantar da kai, inda mutum ke mayar da kansa abin dariya fiye da kima domin a karɓe shi, ko domin ya ɓoye abin da ke cinsa.

Bincike ya nuna biyun farko na tafiya tare da natsuwa da ƙarancin damuwa, yayin da ta ƙarshe ke yawan tafiya tare da baƙin ciki da raina kai. Don haka ba duk majinyacin da ke ba mutane dariya ne hankalinsa ke kwance ba. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a fagen jinya wani lokaci fuskar ma kan ɓoye labarin.

Masu barkwanci a asibitoci

A wasu ƙasashe abin ya zama sana'a mai horo. Likita Hunter Adams, wanda aka fi sani da Patch Adams, ya kafa cibiyar Gesundheit a Amurka a 1971, kuma fim ɗin da aka yi a kan rayuwarsa a 1998 ya yaɗa sunansa a duniya. A 1986 Michael Christensen ya fara shirin tura ƙwararrun masu shigar ban dariya zuwa sassan yara na asibitocin New York. A Indiya, likita Madan Kataria ya fara ƙungiyar motsa jiki ta hanyar dariya a wani lambun shaƙatawa na Mumbai a 1995. A 2015 lardin Buenos Aires na ƙasar Ajantina ya yi dokar samar da irin waɗannan masu barkwanci a asibitocin yara.

Wani gwaji da aka yi a asibitin yara na Meyer da ke birnin Florence na Italiya, aka wallafa a 2005, ya nuna cewa yaran da mai barkwanci ya raka zuwa ɗakin tiyata tare da iyayensu sun fi samun natsuwa lokacin da za a sa su barci. Abin sha'awa, yawancin ma'aikatan sun yarda abin ya amfani yaran, amma ba su goyi bayan ci gaba da shi ba saboda suna ganin yana kawo cikas ga aikinsu. A 2020 mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa nazarin da ya haɗa bincike 24, wanda ya nuna cewa irin wannan shiri na iya rage fargaba da raɗaɗi a tsakanin yaran da ke kwance a asibiti.

Gadon da muke da shi

Abin da wasu ƙasashe ke horar da mutane a kansa, al'adar Hausawa da maƙwabtansu ta tanade shi tun fil azal. Akwai wasan taubasai tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, da wasan jika da kaka, da na mace da ƙannen mijinta. Akwai wasan garuruwa da ƙabilu, kamar na Kanawa da Zagezagi, da Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarabawa. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwancin dangantaka na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya, saboda rawar da yake takawa wajen sasanta jama'a.

Amfanin wannan tsari a ɗakin jinya a bayyane yake. Kunya kan hana ɗa ya zolayi mahaifinsa, ta hana suruki sakin baki, amma taubashi ko jika na da lasisin shigowa ya ce wa majinyaci ya tashi haka nan ya daina lalaci. Majinyacin ya san ba raini ba ne, kuma maganar na isar masa da saƙon cewa har yanzu ana lissafa shi cikin masu rai. Haka nan finafinan barkwanci, irin na marigayi Rabilu Musa Ibro da ya rasu a watan Disamban 2014, da guntayen bidiyon da ake turawa ta WhatsApp, sun zama abokan hirar masu doguwar kwanciya.

Addini ma bai bar fagen ba. Musulunci ya sanya dubiyar mara lafiya cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa, malamai kuma sun so mai dubiya ya taƙaita zama, ya yi addu'a, ya faɗi abin da zai sanyaya zuciya. Wasa ya halatta matuƙar babu ƙarya ko cutarwa a cikinsa, Suratul Hujurat kuma ta yi hani ga izgili da jifan juna da munanan laƙabi.

Wannan hani na da muhimmanci a ƙasar da, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, ake haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu cutar sikila a kowace shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Da yawa daga cikin masu wannan cuta sun tashi suna shan ba'a a makaranta da unguwa a kan ramarsu ko yawan kwanciyarsu. Haka masu farfaɗiya da masu lalurar ƙwaƙwalwa da matan da suka kamu da yoyon fitsari. Barkwancin da mai cuta ya yi a kan cutarsa daban yake da wanda mai lafiya ya yi a kansa.

Lokacin da dariya ke zama matsala

A watan Disamban 2013 likitoci biyu na Ingila, Robin Ferner da Jeffrey Aronson, suka tattara rahotannin illolin dariya a mujallar BMJ. Daga ciki akwai suma, da tayar da asma, da gocewar muƙamuƙi, da kuɓucewar fitsari, da tsananta ƙaba. Irin waɗannan ba su da yawa, amma wanda aka yi wa aiki a ciki ko ƙirji kwanan nan, da mai karayar haƙarƙari, da mai matsananciyar asma, ya dace a bi su a hankali. Ma'aikatan jinya kan shawarci wanda aka yi wa ɗinki a ciki ya danna matashin kai a wurin idan zai yi tari ko dariya.

Akwai kuma dariyar da ita kanta alamar cuta ce. Wasu da suka samu shanyewar ɓarin jiki ko rauni a ƙwaƙwalwa kan fashe da dariya ko kuka ba tare da dalili ba, kuma ba sa iya tsayar da shi. Wani nau'in farfaɗiya ma da dariya yake zuwa. Duk wanda aka ga haka a tare da shi, likita ya kamata a kai shi.

Jagora ga mai dubiya da mai jinya

Ƙa'ida ta farko ita ce a bar majinyaci ya yi jagora. Idan ya buɗe ƙofar wasa a shiga, idan ya rufe a tsaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya yi raha da safe na iya kasa ɗaga kai da yamma.

Ta biyu, a duba lokaci. Sa'ar da likita ya faɗi sakamakon gwaji mai nauyi, da lokacin da ciwo ya motsa, da lokacin da majinyaci ke son a saurare shi da gaske, duk ba lokutan barkwanci ba ne.

Ta uku, a duba matsayi. Abin da taubashi zai faɗa a yi dariya, idan abokin aiki ko maigidan ofis ya faɗa zai iya zama cin fuska.

Ta huɗu, a zolayi yanayi, kamar abincin da babu gishiri ko dogon layin karɓar kati, a bar siffar jikin majinyaci, da ramarsa, da zubewar gashinsa, sai fa idan shi ya fara.

Ta biyar, a saurari abin da ke ƙarƙashin wasan. Idan majinyaci na yawan maimaita barkwanci a kan mutuwa, ko a kan cewa ya zame wa iyali kaya, a zauna da shi a tambaye shi cikin natsuwa. Idan ya daina cin abinci da barci, ko ya yanke ƙauna, a sanar da likitansa, domin ciwon damuwa na yawan rakiyar doguwar jinya kuma yana da magani.

Ta shida, kada a manta da mai jinya. Matar da ta shafe wata shida tana kwana a kan tabarma a gefen gado, ko ɗan da ya rufe shago ya tare a asibiti, su ma suna buƙatar wanda zai sa su murmushi, kuma bai kamata su ji kamar sun yi laifi ba idan suka yi dariya.

Ma'aikatan lafiya su ma suna da nasu barkwancin da suke rage gajiya da shi a tsakaninsu. Ƙa'idar aikinsu ita ce kada ya zama a kan majinyaci, kada kuma ya kai kunnensa ko na danginsa.

Lafiya uwar jiki ce, kuma idan ta yi ƙaura babu abin da ke maye gurbin likita da magani da addu'a. Amma tsakanin allurar safe da ta dare akwai sa'o'i masu tsawo da majinyaci zai rayu a cikinsu. Wanda ya je dubiya ya tarar mara lafiya na son wasa, ya zauna ya taya shi, ya kuma tabbatar kafin ya tafi cewa an sha maganin rana.